Akuyar da ta je cefane: kundin aikin gyaran jimlar Turanci

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau dai na ɗaura niyya, na sayi sabon littafin rubutu saboda wannan aiki. Abin da ya tunzura ni wata jimla ce da na tarar a rubutun wani yaro ɗan SS3 cikin waɗanda nake yi wa darasin yamma a nan Zariya. Na ce su rubuta wa malaminsu wasiƙa su faɗi abin da ya hana su kawo aikin gida, shi kuwa ya rubuta: "Returning from the market, the goat had eaten my notebook." Babu kuskuren harafi ko ɗaya, lokacin aikatau daidai, waƙafi na zaune inda ya kamata. Amma a Turance abin da jimlar ke cewa shi ne akuya ce ta dawo daga kasuwa, ta ajiye kwandon cefanenta, sannan ta far wa littafin. Na karanta musu a aji ina jiran a kwashe da dariya. Shiru kake ji. Duk suka zuba mini ido, kowa na neman inda laifin yake.

Shirun nan ya fi kuskuren damuna. Yaron da ya rubuta "goed" a madadin "went", kana ja masa layi zai gane. Wannan kuwa ko ka ja layin bai ga komai ba.

Abin da zan yi: ɗan ƙaramin littafi, bayani da Hausa, misalai da Turanci, jimloli 60 duk daga rubutun yaran, ba sunan kowa. Matsala biyu kaɗai zan taɓa. Ta farko bayanin da ya zauna ba wurinsa ba, wanda littattafan nahawun Turanci ke kira "misplaced modifier", da ƙaninsa "dangling modifier". Ta biyu jerin abubuwan da ba su zo da siga ɗaya ba, wato karya dokar "parallel structure". A insha'in WAEC ana son kalmomi 450, maki 50, kuma 20 daga ciki na yadda aka sarrafa harshe ne. Nan ne waɗannan kurakurai ke cin yara ba su sani ba. Ina so littafin ya shiga hannunsu kafin jarrabawa ta kama.

Laraba, 22 ga Janairu

Na tara jimloli 23. Hazo ya yi yawa, rabin aji na tari, ni ma haka.

Amma yau na samu bakin zaren, kuma ba ni na gano shi ba. Muna zaune wurin mai shayi da abokin aikina da ke koyar da Hausa, na nuna masa jimlar akuya, na ce, "Malam, don Allah yaya yaron nan ya faɗi wannan a zuciyarsa kafin ya rubuta?" Bai ko yi tunani ba ya ce, "Da na dawo daga kasuwa, sai na tarar akuya ta cinye mini littafi." Ya ɗan tsaya, ya buga cokali a kofi. "To ai ga shi nan, Malam. *Na* ɗin nan ina ya tafi a Turancin?"

Haka ne kuwa. Aikatau na Hausa ba ya cika fita shi kaɗai, kusan kullum da ɗan rakiyarsa a gaba, abin da su Malam ke kira lamirin suna: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun. Kana cewa "da na dawo" an san wanda ya dawo, ko akuya goma ce ta biyo baya a jimlar. Turanci kuwa yana da wata siga mai ƙarewa da "-ing" da ke iya buɗe jimla ba tare da ta faɗi mai aikin ba. "Returning" ba ta da fuska. Dokarsu ita ce sunan farko da ya biyo bayan waƙafi shi ne ya yi aikin. Yaron ya ɗauko tunaninsa daga Hausa, a hanya *na* ya faɗi, shi kuma bai ji faɗuwarsa ba domin a kansa yana nan daram. Shi ya sa ba su yi dariya ba. Turanci suke karantawa da ido, amma kunnensu na jin Hausa.

Na koma gida na sake duba jimlolin 23 da wannan ido. Kusan duka cutar ɗaya ce:

"At the age of six, my father took me to Kano." A Hausa, *ina* ɗan shekara shida Baba ya kai ni Kano. A Turancin, Baba ne ɗan shekara shida.

"After praying, the food was served." Abinci ya idar da salla.

"As a science student, your school will benefit from my skills." Wannan daga wasiƙar neman gurbin karatu ce, kuma ta mayar da makarantar ɗaliba. Irinta na fi tsoro, domin ita ce ke bin mutum har takardar neman aiki.

Na sa wa wannan kuskure suna a aji: akuya ba turke. Bayanin na yawo, duk sunan da ya tarar a gaba sai ya manne masa. Gyara iri biyu ne. Ko ka kafa turken daidai bayan waƙafi: "Returning from the market, I found that the goat had eaten my notebook." Ko ka mayar da *na* ɗin wurinsa tun farko: "When I returned from the market, the goat had eaten my notebook." Ni na fi so su riƙe ta biyu. Ita ce ta yi daidai da yadda suke tunani, kuma "when", "after", "because" da "while" ba sa cin amanar kowa muddin ka biyo su da mai aiki da aikatau. Buɗe jimla da "-ing" yawanci don burga suke yi, sun ji kamar shi ne Turancin manya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar "only" da "almost".

Na yanka kwali na rubuta kalma ɗaya a kowane: My, uncle, gave, me, money, yesterday. Yara shida suka riƙe suka jeru a gaban allo. Na bai wa wata ƙaramar yarinya kwalin "only" na ce ta riƙa kutsawa tsakaninsu, duk inda ta tsaya aji su fassara. Ta tsaya a farko: kawuna kaɗai ne ya ba ni, ba wani ba. Ta tsaya gaban "me": ni kaɗai ya ba, sauran 'yan'uwa suka tashi a tutar babu. Gaban "money": kuɗi kawai, ba tufafi ba hatsi. Gaban "yesterday": jiya-jiyan nan ya bayar. Yau dai an yi dariyar da na nema tun watan jiya.

A nan ma Hausa ta taimaka, amma ta bayan gida. Mu *kawai* da *kaɗai* bayan abin da suke taƙaitawa suke zama: tuwo kawai, shi kaɗai. "Only" kuwa gaba take tsayawa. Da na faɗi haka wata ta ce, "Malam, wato su ɗan sandansu gaba yake shiga, namu baya?" Na rubuta maganarta a littafin yadda ta faɗa.

"Almost" ta fi daɗin koyarwa, domin abin da Turanci ke yi da kalma ɗaya mu da biyu muke yi. "He almost failed all the subjects": *saura kaɗan* ya faɗi duka, amma Allah ya kiyaye, wataƙila ma bai faɗi ko ɗaya ba. "He failed almost all the subjects": ya faɗi *kusan* duka, a yi masa jaje. Na ce da su kafin su ajiye "almost" su tambayi kansu, saura kaɗan nake nufi ko kusan?

Gaskiya ɗaya da zan sa a littafin don kada su zama masu tsaurin banza: Turawan kansu a hira suna cewa "I only have ten minutes", kuma ba wanda ke ruɗewa, domin murya na danna kalmar da ake nufi. A takarda ne babu murya. Don haka a magana su sarara, a insha'i su kiyaye.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jimloli 41. Na rubuta babin bayanin da ya yi nisa da ubangidansa. "I bought a ram from a trader with long horns." "She served tuwo to the guests in plastic bowls." Ɗan kasuwa mai ƙaho, baƙi a cikin roba. Maganinsu ɗaya, a ɗauko bayanin a manna shi jikin abin da yake sifantawa, kamar yadda *mai* ke yi a Hausa: rago mai dogayen ƙaho. Ba wanda zai ce "na sayi rago wurin wani ɗan kasuwa mai dogayen ƙaho" bai ji kunnensa ya yi ƙaiƙayi ba.

Na so in rubuta cewa Hausa ba ta da irin wannan ruɗani sam, sai Malam ya taka mini burki. *Wanda*, *wadda* da *waɗanda* suna rarrabe jinsi da adadi inda "who" ba ta yi, wannan gaskiya ne: "na ga 'yar malamin wadda ta faɗi" ba shakka a ciki. To amma "na ga ɗan malamin da ya faɗi" fa? Wa ya faɗi, ɗan ko uban? Na goge sakin layin duka. Da ma son harshena ne ya ja ni.

Akwai wani nau'i kuma, bayani mai fuska biyu: "Students who read often pass." Masu yawan karatu ne ke ci, ko masu karatu ne ke yawan ci? Ban same shi a rubutun yaran ko sau ɗaya ba. Rabin shafi na ba shi na wuce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwaji na farko, kuma bai yi daɗi ba. Na ba su jimloli goma su gyara. Na "only" da na rago mai ƙaho sun ci. Na akuya ba turke kuwa fiye da rabi sun sake faɗawa rami ta wata ƙofa.

Ga abin da suka yi. "Walking home, the rain beat me" suka mayar "Walking home, my clothes got wet." A ganinsu tunda ga "my" nan, ai an ambaci mutum. Amma sunan da ya biyo waƙafi "clothes" ne, tufafi ne ke tafiya gida. "My" ba "I" ba ce, kamar yadda *rigata* ba *ni* ba ce. Wasu kuma suka juya jimlar akuya zuwa "Returning from the market, my notebook had been eaten by the goat", yanzu littafin ne ya je cefane.

Laifina ne. Na cika su da labarin turke ban ba su abin da hannu zai yi ba. Daga yau mataki uku: sa yatsa kan waƙafi, ja layi ƙarƙashin sunan farko da ya biyo baya, sannan ka yi tambaya da Hausa da ƙarfi, "Shi ne ya yi aikin?" Tufafi ne suka yi tafiya? In amsar ta ba ka dariya, gyara. Zan sake rubuta shafi na 5 zuwa na 8 a kan wannan.

Wani yaro mai wayo ya kawo mini "Generally speaking, the dry season is cold at night" daga littafin karatunsu, yana murmushin wanda ya kama malami. Ya yi gaskiya, rani ba ya magana. Na ce masa akwai 'yan tsirarun da suka daɗe a bakin Turawa har suka zama 'yantattu, irin su "generally speaking", "judging from" da "considering". Su ba sa neman turke. Na ƙara musu akwati a ƙasan shafi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun shiga kashi na biyu, daidaiton jeri. Na zaci zai fi wuya, ashe ya fi sauƙi, domin kunnen Bahaushe ya riga ya san shi.

Na fara da murhu. Duwatsu uku, in ɗaya ya fi gajarta tukunya ta karkace. "I like reading, farming and to play football": biyu sun zo da "-ing", na uku ya zo da "to", miya ta zube. Ko duka su zama "reading, farming and playing", ko duka "to read, to farm and to play". Na tambaye su ko akwai mai cewa "ina son karatu da noma da in buga ƙwallo" ya ji daɗin bakinsa. Suka ce ana faɗa, amma da gargada. Karatu da noma da ƙwallo, shi ne ya sauka sumul. Muka ɗauko karin magana: gani ya kori ji, zuwa da kai ya fi aike. A kowanne, abin da ke hagu da abin da ke dama sigarsu ɗaya. Ba wanda zai ce "gani ya kori ka ji". To haka "Seeing is better than to hear" ke sauka a kunnen Bature.

Daga nan na sa su miƙe su karanta alƙawarin ƙasa, wanda Farfesa Felicia Adeyoyin ta rubuta a 1976, suke kuma rerawa kowace safiya tun firamare ba su taɓa duba gininsa ba. "To be faithful, loyal and honest": sifa uku a jere. "To be", "to serve", "to defend": kowane layi da ƙafa iri ɗaya. Na ƙara musu da maganar Abraham Lincoln ta Gettysburg a 1863, wadda suka haddace a darasin Gwamnati a matsayin ma'anar dimokuraɗiyya, "of the people, by the people, for the people". Na ce su gwada canza ta ƙarshen zuwa "and it benefits the people" su ji yadda ta mutu.

Sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. "Malam, ai alƙawarin ma ya karya dokar. An ce 'to defend her unity and uphold her honour and glory'. Ina 'to' ɗin 'uphold'?" Na daɗe ban ji daɗin tambaya irin wannan ba. Amsar ita ce "to" ɗaya na iya ɗaukar aikatau biyu ko uku a bayanta, kamar yadda direba ɗaya ke jan fasinjoji. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka sa wa na farko, ka hana na biyu, ka dawo ka sa wa na uku: "to cook, wash and to sweep". Ko kowa ya samu, ko na gaba kaɗai. Tambayarta ta zama shafi guda.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun makon jiya, mun mayar da darasi safiyar Asabar da Lahadi. Ban taɓa littafin ba kwana takwas.

Asabar, 15 ga Maris

Na rama bashi. Babi biyu a zama ɗaya bayan sahur.

Na farko kan tagwayen mahaɗai: "either… or", "neither… nor", "both… and", "not only… but also". Duk abin da ya biyo na farko, irinsa zai biyo na biyu. "She not only sells ƙosai but also koko" ta karkace, domin bayan "not only" aikatau ne, bayan "but also" suna ne. A matsar da aikatau gaba: "She sells not only ƙosai but also koko." Na ce su rubuta rabi biyun ɗaya a ƙarƙashin ɗaya kamar lissafin tarawa, ido zai ga wanda ya fi tsawo.

Na biyu kan kwatance, kuma nan ne na fi jin daɗin aikin gaba ɗaya. Yara da yawa na rubuta irin "The population of Kano State is larger than Kaduna State." An auna yawan mutane da jiha sukutum, ƙasa da duwatsu da koguna. Maganar a kanta gaskiya ce, a ƙidayar 2006 Kano ta haura miliyan 9, Kaduna kuwa miliyan 6 da 'yan kai, amma ginin ya rushe. Na ce su faɗa da Hausa. "Yawan mutanen Kano ya fi *na* Kaduna." Ga shi nan kuma, wani ɗan *na* da ya sulale a hanya. Turancinsa "that of", jam'insa "those of". Ba Bahaushen da zai ce "farashin gero ya fi dawa" in yana nufin ya fi na dawa tsada, amma da sun juya Turanci sai su yar da shi. Abin mamaki, kashi na farko *na* ne ya ɓace, kashi na biyu ma *na* ne, ko da yake ba dangin juna ba ne a nahawu. Malam ya ce in sa wa littafin suna "Ina Na Ya Tafi?" Ina tunani a kai.

Na kuma ƙara shafi kan sashen taƙaitawa na jarrabawa. In yaro ya buɗe amsarsa da gabatarwa irin "The government should:", dole kowane batu da ya jero a ƙasa ya haɗu da ita ya ba da cikakkiyar jimla. "Build more schools" ya haɗu. "Provision of water" bai haɗu ba.

Jimloli 60 sun cika.

Alhamis, 27 ga Maris

Na karɓo bugun gwaji daga shagon kwamfuta, na kusa kuka da azumi a bakina. A rubutun hannuna kowace gurguwar jimla na sa mata tauraro a gaba. Yaron da ya buga ya ɗauka ƙazantar biro ce, ya share su duka don aikin ya yi tsabta. Yanzu ga kuskure ga gyara a jere, ba abin da ya bambanta su. Da na raba shi haka, da na koyar da kuskure 60 da kuɗina. Mun zauna tare awa biyu, aka ɗauke wuta sau ɗaya, muka mayar da taurarin, na kuma sa ya rubuta KUSKURE da GYARA da manyan baƙaƙe.

Na lura da wani abu a allon kwamfutarsa: jan layin da ke kama kuskuren harafi bai taɓa jimlar akuya ba. Ita ma na'urar shiru ta yi, kamar ajina.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Salla lafiya. Na buga kwafi goma kawai na raba wa waɗanda suka fi ƙoƙari su karanta mini kafin a buga na kowa. Shafi 28 ya kama.

Gwaji na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ina zagayawa ina jin raɗa-raɗa daga kowane benci, "shi ne ya yi aikin?" Inda har yanzu suke tuntuɓe shi ne "not only… but also", da kuma dogon jeri mai abu huɗu ko biyar, inda suke fara da kyau su manta sigar kafin su kai ƙarshe. Zan ƙara atisaye biyar a nan.

Bayan an tashi, ɗalibar nan mai tambayar alƙawarin ƙasa ta tsaya a bakin ƙofa da kwafinta a naɗe. "Malam, ba raini ba ne." Ta buɗe shafin farko, gabatarwar da na rubuta da Turanci don ta yi armashi, ta sa yatsa kan waƙafi, ta ja layi da farce ƙarƙashin kalmar da ta biyo baya. "After marking your scripts for two terms, this booklet became necessary." Ta ɗago kai ta ce, "Littafin ne ya yi makin?"

Ni, da Malam, da yaron shagon kwamfuta, duk mun karanta shafin nan. Na ce ta bar mini kwafin. Ba zan gyara ta a gabatarwar ba, zan sa mata tauraro ta zama jimla ta 61, gyaranta kuma a shafin amsoshi.

Abin da ya rage: atisaye biyar na dogon jeri, shafin amsoshi, yanke shawara kan suna, da cinikin bugun kwafi 40 ranar Litinin.